Masu Gyaran Kayan Kiɗa: Kowane Ɗan Abu da Aikinsa

A Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864, kiɗa bai rabu da fadar sarkin garin, wato Sarkin Sudan, ba, bai kuma rabu da gidajen biki ba. Amma kafin makaɗi ya shiga fage, sai kayansa sun bi ta hannun mai gyara, wanda galibi shi ma makaɗi ne da ya gāji abin.

Ɗinkin fata da ɗaurin tsarkiya ana koyonsu da wuri. Inda ake gane gwani shi ne ranar da aka kawo masa tsohon goge da ya daɗe a rataye. Ɗan koyo zai ga wani ɗan ƙaho a maƙale a gindin ƙoƙo, ya zaci laya ce ko ado. Gwani kuwa ya san ƙahon butsiya ne, wanda ake cusawa don tsagiya ta ɗaure, murya ta tashi. A zare shi, goge ya yi sanyi. Haka jaki, ɗan itacen da ke ɗauke da tsagiya a kan fatar guza: in ya goce kaɗan, amo ya sauya. Baƙin abin da ke manne a fatar kotso ba dauɗa ba ce, nake ne, kuma wanda ya kankare shi da sunan tsafta ya kashe muryar kotson. Zaiga a fuskar ganga da ceɓa a kan garaya, aikinsu ƙara wa kiɗa zuga ne, abin da kunnen Bahaushe ke so.

Masu gyaran tsofaffin piyano a Turai ma suna cin karo da irin wannan. Wasu piyanon da aka ƙera a Biyana a farkon ƙarni na 19 suna da mataki da ke ɗora siririyar fata a kan wayoyi don su yi zuga, tamkar zaigarmu. Da yayi ya wuce, aka cire da yawa, sai daga baya masana suka koma bincike.

A 1971 David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kiɗan Hausa, suka rubuta sunayen ɓangarori da dama. Sun yi ƙoƙari, amma littafi ba ya nuna wa hannu iyakar inda zai tura ƙaho. Wannan ilimi yana wurin dattawan sana'ar. Ɗaliban Hausa da ke Kontagora, ku je ku zauna da su, ku tambaya, ku ɗauki murya da hoto tun suna da rai.