Kuregen da Ba Ya Saukowa Daga Tsauni

Kowa a cikinmu ya ji labarin kurege a tatsuniya, mai wayon nan da ke haƙa rami yana satar gyaɗa a gona. To, yana da wani ɗan'uwa da ba ruwansa da rami. Shi a kan bishiya yake rayuwa, can cikin kurmin da ke saman duwatsun Kamaru, maƙwabciyarmu.

Masana suna kiransa Paraxerus cooperi. Sai a shekarar 1950 wani masanin dabbobi na Ingila mai suna Hayman ya fara rubuta bayaninsa. Ɗan ƙarami ne, gashinsa duhu-duhu mai sirkin kore, kuma 'ya'yan itatuwa ne yawancin abincinsa. Ana samunsa a tsaunukan yammacin Kamaru, kamar Dutsen Oku mai tsayin mita 3,011, da kuma duwatsun Gotel a kan iyakar Najeriya.

Me ya sa ba a san shi ba? Saboda inda yake zaune. Saman tsaunin akwai sanyi, da hazo, da ruwan sama mai yawa, ga bishiyoyi a cunkushe. A gindin tsaunin kuwa sai gonaki da filin kiwo. Ka ga ke nan kurmin ya zame masa kamar tsibiri a tsakiyar kogin Ubangi. Ba zai iya ratsa fili ya koma wani tsaunin ba.

Nan ne matsalar take. Mutane suna ƙaruwa, manoma suna hawa sama suna sare daji don shuka masara da wake da dankali. Makiyaya suna sa wa ciyawa wuta, wutar ta ci gefen kurmi, awaki kuma su cinye ƙananan tsiro. Duk bishiyar da ta faɗi, gidansa ya ragu. In kurmin ya ƙare, shi ke nan, babu wani wuri a duniya da za a je a samo shi.

Wani zai ce, to ina ruwanmu? Ai mu ma muna da kurmi. Daga Bangi zuwa Mbaiki bai fi tafiyar kilomita 110 ba, kuma dajin Lobaye da na Dzanga-Sangha suna da nasu irin kuregen bishiya. Gawayi da itacen da muke girki da su daga daji suke fitowa. Ba mu ce a daina girki ba. Amma a rage wuta in tukunya ta tafasa, a kashe garwashin da ya saura a ajiye na gobe. Mu yara kuma mu daina harbin ƙananan dabbobi da danƙo don wasa kawai, kuma wanda ya sami wuri a gida ya dasa ko da mangwaro ɗaya ne.