John Aubrey da Sana'ar Bin Kufai

A watan Janairun 1649 wani saurayi ɗan shekara 22 ya fita farauta a kan doki tare da abokansa a gundumar Wiltshire ta ƙasar Ingila. Hanya ta bi da su ta ƙauyen Avebury, inda ya ga wasu manyan duwatsu a tsaitsaye, an zagaye su da gwalalo mai zurfi da tudun ƙasa kamar ganuwa, faɗin da'irar ya haura mita 300, ga kuma gidajen mutane a cikinta. Mutanen ƙauyen sun tashi sun ga duwatsun, ba su ɗauke su komai ba sai abin da ke tare wa garma hanya. Shi kuwa sai ya ja linzami ya bar 'yan farauta suka yi gaba. Sunansa John Aubrey, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa a 1697 bai rabu da duwatsun nan ba.

Sana'ar da ya shiga, ta binciken kayan da, ba ta da albashi a wancan zamani, ba ta da makaranta. Mai yinta yana hawa doki ya bi ƙauyuka, ya kwafi rubutun da ke jikin kaburbura da tagogin coci, ya roƙi manoma su nuna masa tsofaffin kuɗin da garma ta tono, ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu. Marubutan tarihi na lokacin suna kwafar littafi daga littafi ne, suna kuma yi wa masu bin kufai kallon masu tara tarkace. Amma akwai dalilin da ya sa Ingila ta haifi irin waɗannan mutane. Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ibada na rahibai, littattafansu na fata suka watse. Aubrey ya tuna cewa yana yaro a makaranta da irin waɗannan takardu ake yi wa littattafan yara bango, kuma wani limamin coci yana toshe bakin gangar giyarsa da takardun da suka fito daga tsohon gidan ibada na Malmesbury. Wanda ya ga haka da idonsa yana ƙarami ba zai rasa gaggawar rubuta abu kafin ya salwanta ba. Yana Oxford yana karatu kuma yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, ya ƙara cinye abin da ya rage.

Inda ya yi wa tsararsa zarra shi ne awo. A 1663 Sarki Charles na Biyu ya ji labarin Avebury, ya sa Aubrey ya zagaya da shi wurin, har suka hau tudun Silbury da ke kusa, sannan ya umarce shi ya rubuta bayani. Aubrey ya koma da wani faifan katako mai ƙafafu, irin na masu awon filaye. Ana shimfiɗa takarda a kansa, a ɗora ma'auni, a saita ido da dutse, a ja layi, a auna nisa, a matsa gaba a sake. Aiki ne na haƙuri a cikin sanyi da laka. Amfaninsa ya fito daga baya, domin mutanen ƙauyen sun ci gaba da fasa duwatsun don gini: su haƙa rami a gindin dutse, su hura wuta har ya yi zafi, su kwara masa ruwan sanyi, su bi shi da guduma. Wasu duwatsun da suka tafi haka, zanen Aubrey na cikin shaidar da ta rage cewa sun taɓa tsayawa a wurin.

Sai gardamar waɗanda suka gina Stonehenge, wata da'irar duwatsun daban. Magini Inigo Jones ya ce aikin Romawa ne, likita Walter Charleton ya ce na mutanen Denmark ne. Aubrey bai tsaya kan wuri ɗaya ba. Ya tattara labarin da'irorin duwatsu daga sassa daban-daban, har yana musayar wasiƙu da wani malami a Aberdeen ta Scotland, ya jera su yana kwatantawa. Da ya ga irinsu a wuraren da Romawa ba su mulka ba, sai ya yanke cewa aikin mutanen ƙasar ne tun kafin zuwan Romawa. A nan ya yi daidai. Ya jingina su ga bokayen da ake kira Druid, nan kuma ya kauce, don duwatsun sun girme su nesa ba kusa ba. A ganina kuskuren bai rage darajar hanyar ba, tunda da ita ɗin aka gyara shi. Haka ya yi da tagogin coci: ya zana waɗanda aka san shekarar gina su, ya jera su bi da bi, don a iya kimanta shekarun ginin da ba shi da takarda. A 1666 ya lura da wasu 'yan ramuka a cikin ganuwar Stonehenge. Da masu tono suka gano ramuka 56 a wurin a shekarun 1920, sunansa suka sa musu.

Sana'ar ta cinye shi. Ya gaji gonaki da bashi da shari'u daga mahaifinsa, kuma bai iya riƙon dukiya ba. Zuwa 1671 komai ya tafi, ya koma kwana a gidajen abokai, yau nan gobe can, da takardunsa a cikin akwatuna. A haka ya riƙa tara wa Anthony Wood na Oxford labarin rayuwar malamai da manyan mutane, abin da aka san shi da shi yau da sunan Brief Lives. Yana rubuta kamannin mutum, da tufafinsa, da abin da yake ci, da abin da maƙwabta ke faɗa a kansa, ya bar gurbi inda bai samu shekara ba don ya cike daga baya. Wanda ya fi ba wa ƙarfi shi ne abokinsa masanin falsafa Thomas Hobbes, ɗan yankinsu. Wood ya amfana da aikin ƙwarai, amma ya yanke wasu shafuka daga rubutun, abin da ya ƙona wa Aubrey rai.

Littafi ɗaya kacal ya gani an buga da sunansa, Miscellanies na 1696, wanda ya ƙunshi mafarkai da fatalwa da camfe-camfe, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarsa mai saurin gaskata komai. Kafin rasuwarsa ya kai yawancin takardunsa gidan kayan tarihi na Ashmolean a Oxford, yanzu suna ɗakin karatu na Bodleian. An binne shi a cocin St Mary Magdalen na birnin. Babban aikinsa kan kufai, Monumenta Britannica, ya zauna a rubutun hannu kusan shekara 300, sai a 1980 aka fara buga shi.