Tsirran Dajin Karaye da Sunayensu

Duk wanda ya bi makiyayi ko maharbi cikin dajin da ke tsakanin Karaye da Maiyama, a ƙasar Kabi, bayan ruwan farko na watan Mayu ko Yuni, zai tarar da ƙasa ta sake kama. Tafasa da lalo da gasaya su ke fara leƙowa, mata na tsinkar ganyensu su yi miya ko kwaɗo, wanda mutanen wannan yanki ke kira ɗatu, domin a lokacin nan rumbu ya yi ƙasa. Gawo kuwa, da ya sha bamban, sai ya kaɗe ganyensa yayin da sauran itatuwa ke tohuwa, shi ya sa manomi ke barinsa cikin gona, ba ya tare wa gero rana.

Abin lura ga ɗalibin Hausa shi ne sunayen. Nonon kurciya an kira ta haka saboda farin ruwan da ke fita in an karya ta. Albasar kwaɗi tana da kai irin na albasa, amma ba a cin ta. Jingina ta ga kwaɗo gargaɗi ne. Sabara kuwa kowace mai jego ta san ta wajen wanka.

Dalziel ya tattara irin waɗannan sunaye tun 1916. Amma littafi ba ya nuna tsiro a inda ya fito. Yau gonakin albasa na Aliero da saran itacen wuta suna rage daji, yara da yawa na Jega kuwa sun san sunan geza, ba su iya nuna ta.