Majami'ar Ƙasa ta Navrongo

Kai mai karatu, watakila ka sha jin ana cewa ginin ƙasa ba shi da ƙarko, sai na siminti. To, ga labarin wata majami'ar Katolika da ke Navrongo, can arewacin Gana, ƙasar da ake kira Gwalkwas a da.

Cikin shekarar 1906 waɗansu limaman Kirista suka taso daga Wagadugu, suka sauka nan. Ana ce da su Fararen Fada, domin farar riga da alkyabba suke sawa, irin na Larabawa. Da fari ɗan ƙaramin ɗakin sujada suka yi. Da jama'a ta yawaita, sai a 1920 aka gina babbar majami'a, tsawonta mita 60, faɗinta mita 14.

Da tubalin ƙasa aka yi ta, wanda aka shanya a rana, aka ɗora shi da laka, kamar dai yadda maginin garinku yake yi. Daɓen kuwa tsakuwa ce da kashin shanu da ruwan makuba. Ka san ruwan sama shi ne babban abokin gāban ginin ƙasa, shi ya sa aka rufa ta da kwano, ana kuma sabunta yaɓe in ya zaizaye. Ga ta nan tsaye yau fiye da shekara 100.

Abin da ya fi ƙayatarwa yana ciki. Bayan 1970 matan ƙasar suka zane bangaye da ginshiƙai da jar ƙasa da baƙa da fara, yadda suke ƙawata ɗakunansu, suka haɗa siffofin dabbobi da na mala'iku. A 2006 Paparoma ya ɗaukaka darajarta, aka ba ta sunan basilika.