ƘOFAR DA BA TA JIN MAGIYA

Duk direban da ya taɓa ɗauko albasa ko shanu daga Arewa zuwa Ikko ko Badun ta hanyar Lakwaja, ya ratsa Sheda ko da bai lura ba. Gari ne a tsakanin Gwagwalada da Kwali, cikin yankin Birnin Tarayya. A nan Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a 1993, daga baya kuma aka gina wurin haska wa kayan abinci da na asibiti wani irin haske mai ƙarfi da a ke kira gama, wanda ke kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta.

Hasken yana fitowa ne daga wani ƙarfe mai suna kobal-60. Ido ba ya ganinsa, amma wanda ya tsaya gabansa na 'yan mintoci, sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa. Don haka a irin waɗannan wurare, ko'ina su ke a duniya, ba a dogara da takardar gargaɗi a bango kaɗai. Ana haɗa ƙofar ɗakin da na'ura, ta yadda muddin ƙarfen bai koma ƙarƙashin ruwan rijiyar da a ke ɓoye shi ba, ƙofa ba za ta buɗu ba. Ba ta san manaja ba, ba ta san leburan wurin ba, ba ta kuwa jin magiya.

To, mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da tumatir a Mile 12 da wannan ƙofa? Da ruwansa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, cinikin da yawa daga cikinmu ya koma cikin waya. Abin da ke ɗaukar kuɗin nan daga asusu zuwa asusu shi ne manhaja, wato jerin umarnin da 'yan Adam suka rubuta wa kwamfuta. Masu rubutun kuwa suna gajiya, suna mantuwa, kuma maigida yana matsa musu su gama kafin gobe.

Ga yadda a ke aikin a yau. Manhaja ɗaya takan sami marubuta goma ko ɗari. Duk wanda ya yi gyara sai ya tura shi rumbu guda, nan take wata na'ura, irin su Jenkins ko GitHub Actions, ta ɗauki gyaran ta haɗa da na sauran, ta gwada ko komai yana tafiya daidai. Ana iya yin haka sau da yawa a yini, kamar buhunan da ke bin layi a injin casar shinkafa.

A kan wannan layi ne a ke kafa ƙofa irin ta Sheda. Dokokin da dā su ke kwance cikin fayil a ofis, sai a rubuta su da harshen da kwamfuta ke ganewa. Akwai kayan aiki don haka, misali Open Policy Agent. Sai na'urar ta riƙa tambaya: Shin wani ya manta da kalmar sirri a cikin rubutun? An yi aron wani yanki na manhaja da aka san yana da ɓaraka, irin ta Log4j da ta ta da hankalin duniya a Disamban 2021? Mutum na biyu ya duba gyaran ya sa hannu? An bar rumbun da ke ɗauke da sunaye da lambobin jama'a a buɗe? In ta sami saɓani ko guda, layi ya tsaya, a mai da wa mutum aikinsa tare da dalili.

Wannan ya shafi doka ma, domin tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa kamfanoni alhakin tsare bayanan da suka karɓa. Amfanin duba da wuri kuwa, 'yan kasuwar hatsi sun fi kowa saninsa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Da tun a sito aka gane, da hasarar ba ta wuce 'yan buhuna ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Cire irin wannan ƙofa ya taɓa cin rayuka. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan ƙarfe masu hana haka, amma a wannan sai aka dogara da manhaja kaɗai, ita kuwa tana da kuskure.

Sai dai kada mu ɗauka in an sa mai gadi shi ke nan. Ran 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika da gyara mai lahani wanda ya tsai da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Kamfanin yana da na'urar tantancewa, amma ita kanta tana da aibi, ta bar gyaran ya wuce. Ashe mai gadi ma yana bukatar a riƙa jarraba shi, a turo masa ɓarawon gangan a ga ko zai kama. Haka nan in aka cika ƙofa da dokokin banza, ma'aikata za su nemi hanyar haure katanga.

Ya 'yan'uwa mazauna Kurmi, yaranmu da yawa a Agege da Sabo sun fara koyon wannan sana'a. Mu gaya musu cewa ranar da na'ura ta mai do musu da aiki, kada su nemi a kashe ta don sauri. Kuɗin da ke bin wannan layi na mai shayi ne, da mai gadi, da tsohuwar da ke jiran saƙon ƙarshen wata a gida. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana guminmu, amin.