Abubuwan da ya kamata ka sani game da Kaza da 'Ya'yanta

Masana ilimin taurari suna da wani rukuni da suke kira abubuwan can cikin sama, wato duk abin da ke wajen iyalin rana kuma ba tauraro guda ɗaya ba ne: tarin taurari, gajimaren iska da ƙura, da makamantansu. Wanda ya fi sauƙin samu a cikinsu shi ne wanda manomi da makiyayi a Deule, cikin ƙasar Adar, suka daɗe da sani, Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya.

Mece ce ita?

Kaza tari ce ta taurari fiye da dubu da suka samu daga gajimare ɗaya, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. A ma'aunin taurari yara ne, domin rana ta kai shekara biliyan 4.6. Manyansu sun fi rana zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa haskensu ya karkata ga shuɗi. Ƙarfin jan da ke tsakaninsu ne ya riƙe su wuri guda, amma riƙon ba mai ƙarfi ba ne, kuma sannu a hankali za su watse.

Nisanta ya kai shekarar haske 440, wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara 440 yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ke nan hasken da ake gani daga Bouza ko Keita a daren nan ya baro Kaza fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804. A 1610 Galileo ɗan ƙasar Italiya ya zana taurari 36 da ya gani a cikinta da na'urar hangen nesa. Daga baya Charles Messier na Faransa ya sa ta a jerinsa na abubuwan can cikin sama da lamba 45.

Yaushe ake ganinta?

A Nuwamba takan fito gabas da an yi magariba. Tsakiyar Janairu, bayan isha'i, tana kusan tsakar kai, ta ɗan karkata arewa. Zuwa Afrilu ta yi ƙasa a yamma, a Mayu hasken rana ya rufe ta, sai a Yuni ta sake ɓullowa da asuba, daidai shigowar damina. Ba ita ke motsi haka ba, zagayen da duniya ke yi wa rana ne.

Yadda ake nemo ta

A fara da taurarin nan uku masu haske da ke jere a layi ɗaya, waɗanda ke fitowa gabas bayan Kaza. A bi layinsu zuwa sama, za a tarar da wani tauraro mai ja-ja. A ɗan ƙara gaba, sai ga wani dunƙulen ƙananan taurari, faɗinsa kamar wata huɗu a jere.

Babban abin da ke hana gani shi ne haske. Farin wata yana dusashe ƙananan taurari, saboda haka ƙarshen wata da farkonsa sun fi dacewa. A nan ƙauyukan Adar sun fi Madaoua da Tahoua sa'a, domin fitilu ba su yi yawa ba. Matsalarsu ƙurar hunturu ce, wadda ke zuwa daidai lokacin da Kaza ta fi kyau. Daren da hazo ya yi yawa, a jira Kaza ta hau sama sosai, inda ƙurar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci.

Ido ma yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya saba, kuma duban waya sau ɗaya yana iya ɓata wannan jiran. Akwai wata dabara: a kalli gefen abin kaɗan maimakon tsakiyarsa, domin gefen ido ya fi jin haske mai rauni.

Abin da za a gani

Yawancin mutane shida suke ƙirgawa, mai kaifin ido ya ga bakwai ko fiye. Da tabaron hangen nesa mai ido biyu ana ganin gommai, kuma ya fi babbar na'ura amfani a nan, domin ita wani ɓangare kawai take nunawa. Shuɗin hayaƙin da ake gani a hotuna ƙura ce da tarin ke ratsawa, kuma kyamara ce ke fito da ita, kada a sa rai da ganinta da ido.

Wanda ya saba da Kaza, sai ya koma wajen taurarin nan uku. Kudu da su akwai wani ɗan gajeren layi, a tsakiyarsa wani dishi-dishi: gajimare ne mai lamba 42 a jerin Messier, inda sababbin taurari ke samuwa har yanzu.