Asibitin Soja na Walter Reed a Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani babban asibitin soja da ake kira Walter Reed, yana garin Bethesda, kusa da Washinton, babban birnin ƙasar. Can ake kai sojan da aka yi wa mummunan rauni a fagen fama, can kuma likitoci kan duba lafiyar Shugaban Ƙasa. Mutumin da asibitin ya ci sunansa likita ne, yaƙin da ya yi suna a kansa kuwa da sauro ya yi shi.

Asalin abin shi ne, cikin shekarar 1898 Amurka ta yi yaƙi da Sifen a kan tsibirin Kyuba. Da aka ƙidaya mamata sai aka tarar waɗanda cuta ta kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe, ninkin ba ninkin. Taifot ya yi ɓarna a barikoki, zazzaɓin shawara kuma ya addabi sojan da aka girke a tsibirin. Saboda haka cikin 1900 Gwamnati ta tura Manjo Walter Reed zuwa Habana, shi da likitoci uku, su binciko yadda shawara ke yaɗuwa. A lokacin galibin mutane sun ɗauka daga tufafin majiyyaci da shimfiɗarsa ake kamuwa da ita. Tun 1881 wani likitan Kyuba, Carlos Finlay, ya ce sauro ne ke kawo ta, amma ba a kula shi ba.

Ga yadda Reed ya raba gardama. Ya sa aka gina ɗakuna biyu. A ɗaya aka zuba barguna da tufafin majiyyata, duk amai da jini, aka toshe ko'ina don kada sauro ya shiga, waɗansu soja da suka yarda don kansu suka yi kwana 20 suna barci a ciki. Ba wanda ya kamu. Ɗayan kuwa aka tsabtace shi sarai, kana aka saki sauron da ya ciji majiyyata, nan ne cutar ta kama mutum. Binciken bai tafi haka nan ba, gama tun kafin a gina ɗakunan ɗaya daga cikin likitocin, Jesse Lazear, ya kamu ya mutu. Da gaskiya ta bayyana sai hukumar Habana ta shiga rufe randuna da cike kududdufai, watau irin aikin duba-gari, kafin ƙarshen 1901 shawara ta kau daga birnin.

Reed bai daɗe ba, ya mutu cikin 1902 bayan an yi masa aiki a ciki. Abokinsa Manjo William Borden, wanda ya yi masa aikin, shi ne ya dinga kai kuka ga hukuma a gina wa soja asibiti na kirki, har aka ba da kuɗi. Aka buɗe shi a Washinton ran 1 ga watan Mayu, 1909, da gado 80. Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, gadajen suka kai wajen 2,500. A nan Janar Pershing ya mutu cikin 1948, tsohon Shugaba Eisenhower kuma cikin 1969. Banda jinyar soja da iyalansu, asibitin yana horar da likitoci, ya kuma ƙware wajen yi wa waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu na roba, musamman sojan da aka dawo da su daga Iraƙi da Afganistan.

Duk da wannan suna, abin kunya ya auku. Cikin Fabrairu 2007 jaridar Washington Post ta bayyana halin waɗansu majiyyata da aka sallama daga gado amma ba su gama warkewa ba. An ajiye su cikin wani gini da ake kira Lamba 18, bango duk fumfuna, ga ɓeraye ga kyankyasai, takardun haƙƙinsu kuma sai a yi watanni ana kai da komo da su tsakanin ofisoshi. Ba a kushe aikin likitoci ba, laifin na masu riƙon wurin ne da ba su zagaya su gani da idonsu. Aka tuɓe Janar mai riƙon asibitin, Sakataren Sojan Ƙasa kuma ya ajiye aiki.

Tun 2005 an riga an yanke shawarar rufe tsohon wurin. Cikin 2011 aka kwashe majiyyata zuwa Bethesda, aka haɗa su da asibitin sojan ruwa da ke can, aka raɗa wa haɗaɗɗen asibitin sunan Walter Reed.